Ni ɗan ɗan amshi ne

Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa. Wanda bai sani ba, in ya yi mini sallama ta wannan gefen ya ji shiru, sai ya wuce yana cewa tsohon nan mai shago ya cika girman kai. Shi ya sa na gyara zaman bencina, kunnen dama yana wajen titi, na hagu yana wajen bango. Masaƙa ce ta cinye shi a Kakuri, a hankali, yadda gara take cin katako, cikin sama da shekara 25 da na yi a tsaye gaban inji.

Jikata ce ta tono wannan labari. Tana karatun Hausa a Jami'ar Jihar Kaduna, aka ba su aiki a kan makaɗan baka. Ta zo shago ta haye buhun shinkafa tana karanta mini rabe-rabensu: makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza irin na 'yan dambe da 'yan tauri.

Na ce, "Amarya, su 'yan amshi fa, a wane babi aka sa su?"

Ta duba littafinta. "Layi biyu ne, Kaka. Ai su maimaici kawai suke yi."

Na ce, "To, kakan uwarki ɗan amshi ne."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka irin tsokanar da muka saba ce. Da ta ga fuskata ba wasa, sai ta rufe littafin. Uwarta, 'yata ta fari, ta haura 40, ba ta taɓa jin wannan magana a bakina ba.

A wani ƙauye na ƙasar Funtuwa aka haife ni, a 1957. Ƙasar auduga ce. Da kaka za ka ga jakuna da amalanke sun yi jerin gwano zuwa wurin awo, daga can a kai injin gurza. Baba yana da gonarsa kamar kowa. Amma in damina ta kankama aka kira gayya, shi da wasu mutum uku suke bin wani makaɗin noma. Makaɗin yana gaba da gangarsa yana zuga samari, yana kiran sunan iyayensu da kakanninsu, su Baba suna bayansa suna karɓa. Layi ɗaya ne nasu, har yau yana kaina: "Fid da kunya, ɗan gidan noma, rana ta yi sama." Tun hantsi har azahar shi ke nan. In aka tashi rabo, dami ne ko 'yan sulalla, makaɗi ya ɗebi rabi, su huɗu su raba saura.

Kunyar gona suke nufi. Ni kuwa ɗaya kunyar ce ta kama ni. A makarantar allo "ɗan maroƙi" ake ce mini in faɗa ya haɗa mu. Da yayana ya nemi aure a gidan wani malami, aka maido da kayan, aka ce ba sa haɗa iri da maroƙa. Ranar da na hau jirgin ƙasa a tashar Funtuwa a 1976, 'yan watanni bayan an kashe Murtala, na ƙudurta a raina wannan suna ba zai biyo ni ba. A Kaduna duk wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu, noma nake cewa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Yaran yanzu in ka ce musu Kakuri ta taɓa zama wurin da ba a barci, sai su dube ka. Masaƙar farko tun 1957 aka buɗe ta, Sardauna yana Firimiya, wasu suka biyo baya suka jeru; ga kamfanin haɗa Peugeot da aka buɗe a 1975. Ba a ta farkon na yi aiki ba, tawa kuma ba zan kama sunanta ba. Aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare. In jiniya ta yi kuka, kekuna ne za su ɓarke kamar an buɗe wa fara ƙofa, masu fita suna karo da masu shiga, ga masu shayi da masu ƙosai da masu tuwo duk sun kafa a bakin ƙofa. Babu yaren da ban ji ba a wurin nan. Amma da Hausa ake ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake neman aure.

Ɗakin saƙa kuwa sai wanda ya shiga. Injuna ne jere iya ganinka, kowanne ƙoshiyarsa tana kai da komo, ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano ba ƙaƙƙautawa. Da hannu da leɓe ake magana. Ƙurar auduga ta cika gashin ido da hanci, mu fito kamar an yi mana furfura. Foman ɗin da ya koya mini aiki, wani dattijo mutumin Binuwai, a satin farko ya ja ni waje ya ce, "Yaro, kar ka saurari mai ƙara, duk ƙara suke yi. Saurari wanda ya yi shiru." Na ɗauka zolaya ce. Sai da na yi wata shida na gane: cikin wannan hargowa, in zare ya tsinke inji ɗaya ya tsaya, za ka ji wani rami ya buɗe a cikin ƙarar, ƙafarka ta kai ka wurin tun kafin idonka ya gani.

Inji yana da kiɗa, duk masaƙi ya san haka. Ni kuma, ban san lokacin da na fara ba, sai na riƙa ɗora amshin Baba a kan bugun ƙoshiya. Ya zauna daram kamar don shi aka ƙera injin. Ina rerawa da ƙarfina, tun da ba mai ji. Wani dare ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Injuna suka mutu gaba ɗaya, duhu ya rufe, sai muryata ita kaɗai a cikin wannan makeken ɗaki tana cewa rana ta yi sama. Dariyar da aka yi a daren nan, na yi wata guda ana tsokanata da ita.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, abokin zamana. Mutumin Zonkwa ne, Kirista, muna raba kuɗin hayar ɗaki ɗaya a Makera. Ba zan ce zamanmu madara da zuma ba ne. Mun yi faɗa a kan kananzir, mun yi a kan wanda zai ɗebo ruwa. Ranar albashi yakan dawo yana warin burkutu in yi ta masa wa'azi, shi kuma ya ce minsharina ya fi injin masaƙa. Da muka koma ɗaki da asuba ya ce, "Malam, wannan ba a rediyo ka koya ba. Numfashinka na 'yan gida ne." Na yi ta kwana-kwana, daga baya na faɗa masa. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa a garin nan.

Bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce shi ma a mawaƙan cocinsu layin baya yake tsayawa, cikin masu babbar murya. "Shekara shida ba wanda ya taɓa ce mini na iya waƙa. Amma ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, Fasto da kansa ya zo har ɗaki, wai waƙa ta zama kamar miya ba gishiri."

A 1978 muka haɗa kuɗi rabi da rabi muka sayi rediyo mai kaset, National. Ita ce dukiyarmu ta farko. Rediyon Kaduna muke kamawa, mu sha dariyar Samanja, mu jira zaɓi-sonka ko za a kira sunan wani da muka sani. In aka sako Shata kuwa, duk gidan hayar nan sai a taru a ƙofarmu. Kowa Shata yake saurare. Ni na bayansa nake saurare, da masu kalangu.

Ga abin da na gane, wanda na so a ce yana cikin littafin jikata. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban jama'a. To a ina yake samun sararin tunani? A cikin amshi. Yayin da na baya suke maimaita layinsu, shi yana shan iska, yana duban fili, yana auna wanda ya shigo da wanda ya miƙe zai yi kari, yana ɗinka ɗan waƙa na gaba. Da sun yi jinkiri da ƙiftawar ido, ko su riga shi, sai ɗinkin ya warware. Dole su san inda zai sauka tun bai sauka ba, alhali shi kansa bai gama yanke shawara ba. A masaƙa haka yadi yake: zaren tsaye yana nan a miƙe ba ya zuwa ko'ina, ƙoshiya ce mai yawo da zaren kwance. Ido yana bin mai yawo. Amma tsinke zaren tsaye guda ɗaya ka ga yadda layin aibi zai bi yadin har ƙarshensa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, ya kuwa cancanta. Da ya rasu a watan Yunin 1999 na yi kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Sai dai har yau ina tambayar masu cewa sun haddace waƙoƙinsa su kawo mini sunan ɗan amshinsa guda biyu. Ba kasafai ake samu ba. Abokina yakan ƙure ni da Ɗanmaraya Jos, ya ce ga wanda yake waƙa shi kaɗai. In ce masa sake saurare, kuntigin nan me yake yi in ya yi shiru?

Boko na iya aji huɗu ne, amma a teburin mai shayin bakin ƙofa ni ne malami. In Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, ni ake miƙa wa. Jaridar nan a 1939 aka fara buga ta a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na farko, kuma ina jin kowane kwafi ɗaya sai ya shiga kunne goma kafin a naɗe ƙosai da shi. A nan na lura karatu a fili ba ya tafiya sai da masu cewa "to", "ashe", "Allah sarki", "ƙarya yake yi". In suka yi tsit, harshena sai ya riƙa sarƙewa. Ai tun muna yara aka nuna mana haka. Kaka za ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba kuwa za ta ƙara ko harafi ba sai mun ce "Ta zo mu ji ta." Bahaushe bai yarda labari ya fara ba sai an ba shi izini.

Wajen littafi akwai inda na yi kuskure, gara in faɗa. Da littattafan soyayya na Kano suka cika gari wajen 1990, uwargida takan karɓo haya a wani shago, ta karanta ta mayar. Na yi ta faɗa, ina cewa shirme ne, ɓata tarbiyya ne, takardar ma ba ta da kyau. Wasunsu shirmen ne, ban janye ba. Amma matar da na auro ba ta haɗa baƙi biyu, ajin yaƙi da jahilci ta yi wata uku ta bari, da waɗannan littattafai ta zama mai karanta wa matan gida wasiƙa da takardar asibiti. Wata rana na ɗauki ɗaya don in samu abin kushewa, sai na tarar da maganar kishiya da sakin wulaƙanci da auren dole, an faɗe su yadda mata suke faɗa in ba namiji a kusa. Ban gaya mata na karanta ba. Faɗan dai na daina.

Siyasa ta same ni a 1979, ina da shekara 22, jini yana tafasa. Mu 'yan masaƙa da yawa PRP muka yi, jam'iyyar Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi. Mai lasifika ya ce "PRP", mu ce "Nasara", har ƙasa ta amsa. Balarabe Musa ya ci gwamna, ya soke haraji da jangali. Wanda bai ga ubansa yana sayar da akuyar gida don kuɗin haraji ba, ba zai san nauyin wannan ba. Ni na gani, kuma lokacin ƙasarmu tana cikin jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke Katsina. Majalisar jiha tana hannun NPN, suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi ta mulki a haka, har suka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. A duk amshin da na yi a siyasa, wannan ne kaɗai ban yi nadamarsa ba. Amma ko shi ɗin, in za a bi gaskiya, ban san abin da ke cikin takardun jam'iyya ba. Haraji na sani.

Bayansa na amsa wa mutane da yawa, wasu yanzu ko sunansu ba na son ji. Na amsa a filin taro, na amsa a taron ƙungiyar ƙwadago, inda muke alfahari Adams Oshiomhole daga masaƙun Kaduna ya taso. Sannu a hankali na ga bambancin amshina da na Baba. Shi yana jin kowane ɗan waƙa kafin ya karɓa. Mu kuwa a filin siyasa ba ma jin komai sai wurin da aka ɗaga murya, alamar lokacinmu ya yi. Da za a sa zagin iyayenmu a tsakiyar jawabin, da "Nasara" ko "Sai kai" za mu ce.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kar in zo.

A farkon 2000 ni da abokina duk mun yi iyali, muna zaune a wata unguwa kusa da Kakuri inda mu Musulmi ba mu da yawa, gida uku ne tsakaninmu. Rediyon nan ba mu taɓa raba ta ba. Wata guda a gidana, wata guda a gidansa, matanmu suna mana dariya. Maganar shari'a ta taso tun da Zamfara ta ƙaddamar a ƙarshen 1999, gari ya ɗauki zafi, kowane ɓangare yana taronsa. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu abin ya fashe. Ba zan ba da labarin abin da idona ya gani ba. An kashe mutane a kowane ɓangare, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, an ƙone masallatai da coci-coci da gidajen talakawa.

Kafin la'asar abokina ya shigo gidana ta baya, ko sallama babu. Ya ce, "Malam, kwaso yara." Mu bakwai ya zuba a ƙuryar ɗakinsa, ya ja labule. Autarmu tana goye, ba ta san ana tashin duniya ba, kuka take yi. Watan nan rediyo tana gidansa. Sai ya sa kaset ɗin waƙoƙin coci ya ƙure murya, ya zauna a bakin ƙofa yana bi da babbar muryar nan tasa. Sau biyu ina jin samari sun tsaya suna tambaya, yana ce musu iyalinsa ne kawai a ciki, addu'a suke yi. Kwana biyu muka yi a haka, batir yana ƙarewa matarsa tana ciro na tocila, kafin motar sojoji ta kwashe mu zuwa bariki. Na san a Tudun Wada da Rigasa ma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista haka. Irin waɗannan ba a cika ba da labarinsu ba.

Daga bariki Tudun Wada muka nufa, ba mu koma ba. Haka dubban mutane suka yi, kowa ya bi nasa, kogin Kaduna ya zama iyaka: mu a arewa, su a kudu. Rikicin Nuwamban 2002 ya zo ya ƙara ɗaure abin.

A sabuwar unguwa akwai majalisar da nake zama bayan isha'i. Mutane ne masu ciwo, wani an kashe masa ɗa, wani shagonsa ya zama toka, ban ga laifin zafinsu ba. Amma magana takan kai inda wani zai ce, "Ai duk ɗaya suke, babu na Allah a cikinsu." Sai a juyo ana neman wanda zai tabbatar, tun da ni daga can na tsallako. Ni kuma in ce, "Haka ne."

Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ji tsoron a ce ina kare su, ga ni baƙo a unguwa, ga yara, ga neman wurin zama. Kalma biyu ce, ba ta da nauyi a baki. Autar da aka rufe kukanta da waƙar coci tana cikin gida tana barci, ubanta yana waje yana cewa haka ne.

Masaƙu suka bi juna suna rufewa. Abin ya daɗe yana tafe: tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara, wutar lantarki ba tabbas, baƙin man da ake hura tukunyar tururi ya yi tsada, ga atamfar waje mai araha tana kwararowa ta kan iyaka, wata ma da zanenmu a jikinta. Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofar tamu. Kuɗin sallama muka yi ta bi shekara da shekaru, da yawa sun mutu suna jira. A irin taron da muke yi a bakin ƙofar na haɗu da abokina sau biyu. Ya rame. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, watanka ne fa, rediyo tana jiranka." Na ce, "Zan zo, in Allah ya yarda." Kuɗin mota bai taka kara ya karya ba. Abin da ya hana ni, ban san da wane ido zan zauna a ɗakin nan ba bayan abin da bakina ya amsa.

Da ɗan abin da na samu na buɗe wannan shago. Jikata takan ce in rubuta littafi. Na ce mata na riga na rubuta, guda 14 ne a cikin kwali: littafin bashi. "Maman 'yan biyu, sukari rabin gwangwani." "Mai gadi, batir 2, sai ƙarshen wata." Duk jawabin da aka yi a Abuja, ba ya wuce sati biyu sai in gan shi a shafin nan. Da aka canja fasalin kuɗi takardar naira ta ɓace a farkon 2023, littafi guda ya cika cikin wata ɗaya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar, ma'auni ne ya canja: mai sayen mudu ya koma gwangwani, mai gwangwani ya koma ƙulli. Akwai sunayen da nake ja wa layi ba don sun biya ba.

A 2011 wata budurwa ta tsaya a ƙofar shagon da jakar leda, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ba ka gane ni ba." 'Yar abokina ce. Ya rasu wata biyu da suka wuce, ciwon ƙirji. Ta fito da rediyon, an goge ta tas, an ɗaure murfin batir da roba. Ta ce ya bar wasiyya a kawo mini, wai ya riƙe mini ita wata 130 da wani abu, in yafe masa.

Washegari na tsallaka gada, na je Sabon Tasha inda suka koma. Matarsa ta dube ni ta ce, "Malam, ka tsufa." Ta kawo ruwa. Na jira ta yi mini gori, da na samu sauƙi. Sai cewa ta yi, kullum in an yi zancena yakan ce, Malam zai zo, hidima ce ta yi masa yawa.

A motar dawowa wani abu ya faɗo mini wanda na yi shekara 40 ban tuna ba. Ina ɗan shekara 10, aka yi gayya a gonar wani mai hali. Cikin masu noma akwai wani bawan Allah da bara ta ƙi shi, matarsa ta yi yaji, ko anini bai ba makaɗi ba. Makaɗi ya juya kansa da zambo, ya taɓo wandonsa mai faci, ya taɓo matar. Samari suka fara dariya. Ya kai wurin sauka, ya jira amshi. Baba ya rufe bakinsa. Sauran ukun suka fara, suka ji babu shi, muryarsu ta shaƙe. Makaɗi ya sake jefa layin, ya ƙara wa ganga wuta. Shiru. Waƙar ta kife kamar tukunyar da aka zare wa dutsen murhu ɗaya, dole ya kama wata. Ranar Baba bai samu rabo ba, damina guda makaɗin bai sake kiransa ba. Inna ta yi ta faɗa, ni ma a raina wauta na ɗauke shi. Abin da ya ce mata kawai, "Bakina ne."

Wannan mutumin na ɓoye wa 'ya'yana.

Yanzu lokacin zaɓe in motocin kamfe suka wuce da lasifika, waƙa tana tashi, yara suna bi suna amsawa, nakan kasa kunnen da ya rage. Muryar amshin ma yanzu inji ne yake ninka ta a situdiyo, mutum ɗaya ya zama goma. Wanda aka wasa bana, baɗi shi za a yi wa zambo da kiɗa iri ɗaya, amshin bai taɓa ƙin zuwa ba. Majalisa kuwa har yau ina zama. Ban zama jarumi ba, ba na tashi in yi wa kowa lacca. In magana ta kai wurin nan aka juyo gare ni, nakan yi shiru, wani lokaci in ce akwai wanda na sani. Wasu suna ɗauka kunnen ne.

Makon jiya jikata ta dawo da wayarta, ta ce sai na rera mata ta ɗauka. Na ce ta rufe ƙofar shago rabi. Ta ajiye wayar a kan rediyon, wadda ta daina aiki tuntuni amma tana nan a kan kanta tsakanin kwalin ashana da na sabulu. Na gyara murya na ce, "Fid da kunya, ɗan gidan noma, rana ta yi sama." Na yi shiru ina ƙirga bugun ganga a raina, daidai tsawon da makaɗi zai yi nasa. Na sake karɓa. Na sake yin shiru. Sau bakwai.

Ta ce, "Kaka, ina sauran waƙar?"

Na ce, "Mai ita ya mutu tun ba a haifi uwarki ba, ba wanda ya ɗauki muryarsa. Namu ke nan."

Ta saurara a wayar, ta ce shirun ya yi yawa, za ta iya yanke shi ta haɗe layukan. Na ce ta bar shi yadda yake, in malaminsu ya tambaya ta ce wurin mutum ne. Tana cikin rubuta wannan a littafinta sai ta taɓo ni, ta nuna hagu. Ashe wani yaro ne a tsaye da naira 100 a hannu, ya yi sallama har sau uku, magi yake so.